Kitsen ragon layya a bututun bindigar iska: yadda saitin wani matashi ya watse a Jidda

Ɗan yayata ne ya kawo mini maganar, wata Juma'a bayan la'asar, a gidansu da ke Hindawiyya. Ya jera takardun saiti guda shida a kan darduma bisa kwanan wata, ya ce, "Kawu, duba mini nan. Ko dai idona ne ya lalace, ko bindigar." A takardar farko ramuka biyar ne manne da juna, tsabar riyal ɗaya za ta rufe su duka. Ta ƙarshe kuwa sai ka ce an watsa wa kaji tsaba: uku a dama, ɗaya a ƙasa, ɗaya ya yi saniyar ware can kusa da bakin takarda. Nisan bai canza ba, mita 50 ne, teburin ɗaya, bindigar na kwance kan jakar yashi. Tsakanin takardar farko da ta ƙarshe sati bakwai kacal.

Ni ba maharbi ba ne. Sana'ata zubi da gyaran zinari a wata 'yar maƙera a Balad. Abin da ya kawo shi wurina sikelina ne, mai ganin kashi ɗaya cikin ɗari na giram, da madubin ido na maƙera, da kuma sanin da na yi wa halin ƙarfen da aka narka aka zuba.

Shi haihuwar nan ne, yana da lasisin bindigarsa, kuma a filin kulob yake harbin takarda, ba tsuntsu ba. Bindigar ta iska ce, irin wadda mutanen nan ke kira saktun, amma ba irin wadda ake karya bututunta a ɗana ba. Tana da tukunyar iska da ake cikawa zuwa bar 200 ko sama (bar ma'aunin matsin iska ne), bakinta milimita 5.5. Shekara biyu yana harba diyabolo, wato ɗan harsashin nan mai siririn ƙugu da buɗaɗɗen siket a baya. Siket ɗin shi ke ja masa baya a cikin iska, ya hana shi juyawa, kamar jelar kibiya. Sai dai jan da ke daidaita shi, shi ne kuma ke cinye gudunsa, iska kuma na kaɗa shi idan nisa ya yi nisa. Da yaron ya fara kwaɗayin mita 100, sai ya koma kan silag: dunƙulen dalma mai siffar harsashin gaske, ba ƙugu, ba siket, da ɗan rami a hanci. Wanda ya saya a wani shago irin na zubi ne, kowane ɗaya wajen giram 1.6.

Silag ya fi diyabolo taɓa bango. Diyabolo da kai da leɓen siket kawai yake gogar bututu, shi kuwa silag kusan duk cikinsa ne. Inda gogayya ta yi yawa, dalma na barin guntunta a jikin ƙarfe. Yaron ya karanta haka, ya kuma karanta cewa maganinsa shafe. Nan aka fara.

Abin da ya haɗa

Ya samo haɗin ne daga masu harbin bindigar albarushi na Amurka da Turai: kakin zuma da kitse, a narka tare. Kakin ya saya wajen masu zuma, kitsen kuwa na ragon layyar gidan ne, wanda Yaya ta soye ta ajiye. Da ya ga haɗin ya yi tauri, sai ya ƙara kitse har ya rinjayi kaki, ya kuma sa ɗan basilin don ya yi laushin shafawa. Ya narka su a wata ƙaramar tukunyar mahaifiyarsa, ya zuba silag ɗari uku a ciki, ya juya, ya tsame, ya shanya, ya mayar gwangwani. Gwangwanin kuma mazauninsa but ɗin mota.

Haɗin ba ƙarya ba ne, tsohon abu ne mai asali. Tun zamanin harsashin Minié na Faransa a tsakiyar ƙarni na 19 ake yi wa harsashin dalma zobba a ƙugu a cika su da kaki da kitse. Dalili biyu ne. Baƙin albarushi na barin toka mai yawa a bututu, idan ta bushe sai ta zama kamar ƙanzo, kitse ne ke riƙe ta da laushi har harsashi na gaba ya share ta. Na biyu, iskar albarushi wuta ce mai tsananin matsi, idan ta sami 'yar kafa ta gefen harsashi sai ta yanki dalma ta liƙa a bango, shafen na taimakawa wajen toshe kafar. Kitsen harsashi ma ya taɓa girgiza daula: a 1857 sojojin Indiya da ke ƙarƙashin Ingila suka yi bore, kuma abin da ya kunna wutar shi ne labarin cewa ƙunshin harsashin sabuwar bindigar Enfield, wanda sai soja ya yaga da haƙori, an shafe shi da kitsen saniya da na alade. Hindu ya ƙi, Musulmi ya ƙi. Na faɗa wa yaron, aƙalla naka na ragon layya ne.

To amma bindigar iska ba ta da wuta, ba ta da toka. Iskar da ke fitowa daga tukunya ma sanyi take yi yayin da take buɗewa. Ayyuka biyun da aka ƙirƙiri kaurin kitse dominsu, babu ko ɗaya a nan. Abin da ya rage gogayya ce kawai, ita kuwa ɗan maiƙon da ido ba ya gani ya ishe ta. Yaron ya ɗauko maganin ciwon da bindigarsa ba ta yi.

Sannan ga zafin gari. Kakin zuma na narkewa ne a digiri 62 zuwa 64, kitsen tumaki tsakanin 40 da 50, kuma haɗin da kitse ya rinjaya tun kafin nan yake saki. Jidda ta taɓa kai digiri 52 a watan Yunin 2010, kuma ko a ranar da ba ta kai haka ba, motar da aka rufe a rana da bazara cikinta na wuce 60. Wanda ya rubuta haɗin yana ajiye kayansa a ɗakin ƙasa mai sanyi. Namu yana but, a bakin titi.

Abin da na gani a ƙarƙashin madubi

Na tafi da gwangwanin gida, ban kai shi maƙera ba. Duk wanda ya yi aikin zinari ya san dalma abokiyar gabarsa ce, ɗan ƙuris ɗinta idan ya shiga narkakken zinari sai ya riƙa tsagewa a ƙarƙashin guduma. Sikeli da madubi na ɗauko, na shimfiɗa jarida a baranda.

Da buɗe murfi wari ya fara gaishe ni, warin kitsen da ya kwana biyu. Silag ɗin sama kusan a bushe suke, na ƙasa kuwa a zaune cikin daskararren maiƙo, don kullum da rana sai haɗin ya narke ya gangara, da dare ya sake kamawa. Ke nan a gwangwani ɗaya akwai harsashi iri biyu ko uku, ya danganta da inda yatsa ya faɗa. Wannan kaɗai ya isa ya sa gudu ya riƙa hawa da sauka.

Ramin hancin ne ya fi ba ni tsoro. A da yawa daga cikinsu kitse ya shiga ya daskare a gefe ɗaya, bisa yadda silag ɗin ya kwanta. Mutum zai ce ai ɗan kitse ne, me zai yi? A yi lissafi. Tsagogin cikin bututu na murɗa harsashi, a irin wannan bindiga zagaye ɗaya a kowane santimita 45 ko kusa da haka. Harsashin da ke fita da gudun mita 280 a daƙiƙa yana juyawa fiye da sau 600 a daƙiƙa, wato sama da sau 37,000 a minti. Mai gyaran taya na liƙa 'yar dalma a wilin mota don kada sitiyari ya yi rawa, alhali taya ba ta kai ko kusa da wannan juyi ba. Silag kuma ba shi da siket da zai gyara masa tafiya, juyin nan kaɗai ya dogara da shi. Nauyi ya karkata gefe ɗaya, tafiya ta karkata.

Sai ƙura. A jikin maiƙon akwai ƙananan ƙwayoyin yashi, suna ƙyalli a ƙarƙashin madubi. Filin da yake harbi a wajen gari yake, gwangwani na buɗe a kan teburi, iska na kaɗawa. Busasshen harsashi ƙura na zamewa daga jikinsa, mai danƙo kuwa riƙe ta yake. Maiƙo da yashi idan suka haɗu, mu a maƙera da irinsu muke goge ƙarfe. Ƙarfen bututun bindigar iska kuma bai kai na bindigar albarushi tauri ba. Sa'arsa ɗaya, sati bakwai ne ba shekara ba.

Wasu kuma sun fara yin farin gari-gari a gindi. Kitse idan ya lalace tsami yake yi, tsamin kuma na cin dalma.

Duk wannan laifin shafe ne. Amma da na wanke guda hamsin na ɗora su kan sikeli ɗaya bayan ɗaya, sai wani laifin ya fito wanda ya girmi shafen. Yawancinsu nauyinsu na kusa da juna, amma akwai 'yan tsiraru da suka yi sauƙi fiye da kima. Na sa zarton maƙera, wanda na yar bayan nan, na raba ɗaya gida biyu. Ga kogo a ciki, ɗan ƙarami kamar kan allura, kuma ba a tsakiya ba. Na san shi sarai, yana fito mana a zobe idan mazubi bai yi zafi sosai ba ko ƙarfe ya ja jiki yayin hucewa. Wasu kuma leɓen gindinsu bai cika ba, ya yi dungu a gefe guda. Gindi ya fi hanci muhimmanci, domin shi ne na ƙarshe da ke rabuwa da bakin bututu. Idan gefe ɗaya ya riga ɗaya fita, iskar da ke baya ta nan za ta fara kufcewa ta ture shi. Wannan ne ya bayyana mini saniyar waren da ke fitowa jefi-jefi tun a takarda ta biyu, kafin ma ya fara shafe. Shi ya ɗauka dalma ce ta taru a bututu, ya tafi neman kitse, alhali harsashin ne gurgu tun daga mazubi.

Wanki

Ruwan ɗumi da sabulu ba sa cire kaki. Tafasasshen ruwa muka zuba musu a wani tsohon gwangwanin madara, haɗin ya narke ya taso sama, muka bari ya huce muka yaye shi kamar ɓawon kunu. Dalma sai digiri 327 take narkewa, ruwan zafi ba abin da zai yi mata. Sau biyu muka yi haka, sannan ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke a roba, ana juyawa a hankali da yatsa cikin safar hannu. Ba a girgizawa, don dalma mai laushi ce, idan suka bugi juna leɓen gindin ne ke lotsewa. Abin da ya kwanta a ƙasan robar baƙin gari ne da 'yan ɓarɓashin dalma.

Ɗauraya ta ƙarshe da ruwan batir muka yi, wato tataccen ruwa, don kada a bar gishiri a jikinsu. Muka baza su kan tsohon tawul a ɗaki mai na'urar sanyi, kowanne hanci a ƙasa don ramin ya tsane. Dalmar da aka wanke tsirara take, kuma laimar bakin Bahar Maliya ba ta yi mata jinkiri, kwana kaɗan sai ta dushe ta fara fari. Saboda haka ranar da aka wanke, ranar ake shafawa.

Nan na tsaya na yi masa faɗan da ya fi na saiti muhimmanci. Gidan akwai ƙannensa ƙanana, akwai jikar Yaya mai rarrafe. Mu da muke da dangi a Zamfara ba sai an ba mu labarin gubar dalma ba: a 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda dutsen zinari mai dalma da ake dakawa a tsakar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira lafiyayye. Na ce masa ruwan wankin nan ba ya bi ta wurin wanke kwanuka, tawul ɗin ba ya shiga injin wanki, ba a cin abinci a teburin saiti, kuma kada in sake ganin ya riƙe harsashi a leɓe yana ɗura wani. Sannan na tambaye shi tukunyar da ya narka kitse. Ya sunkuyar da kai. Tana kicin, an dafa indomi a ciki har sau biyu. A daren na ɗauke ta.

Bututun kuma da igiyar roba mai jan tsumma muka share shi, daga gindi zuwa baki, ba da sandar ƙarfe ba, don kada a ƙwarzane leɓen baki. Tsumman farko baƙi ƙirin da maiƙo, na biyar da 'yan ƙyalƙyalin dalma. Igiyar ta fi tauri dab da baki, inda masu ƙera irin wannan bututu ke ɗan matse shi. Nan dattin ya taru. Ba mu sa ruwan wanke bindigar albarushi ba, yana cin zobban robar da ke riƙe iska. Basilin ɗin ma na sa ya fitar da shi daga jakar gaba ɗaya: duk man da aka samo daga fetur ba ya kusantar mashigar iska, don a matsin bar 200 yana iya kamawa da wuta. Man silikon ne na zobban roba, su kaɗai.

Gwaji

Na sa masa sharaɗi ɗaya: abu ɗaya za a canza a lokaci guda. A sati bakwai ɗin nan ya canza shafe, ya juya madubin saiti sau uku, ya rage matsin iska, ya kuma share bututu duk ranar da ransa ya ɓaci. Mai neman ɓarawo a kasuwa ba ya kama mutum huɗu ya ce ya gane.

Ya sayo sabon gwangwani irin na farko. Muka auna duka, muka ware masu sauƙi da masu dungun gindi. Waɗanda suka tsira muka raba uku: kashi ɗaya yadda suka zo, kashi ɗaya wankakke busasshe, kashi ɗaya wankakke da aka mirgina a kan soso mai ɗigo uku na man da ake sayarwa don harsashin bindigar iska, har sai ya zama idan ka taɓa za ka ji santsi amma yatsa ba ya ƙyalli. Na huɗu shi ne ragowar masu kitse da na ɓoye ban wanke ba.

Bayan asuba muke fita, kafin iskar teku ta taso, don a Jidda rana na dagawa take farawa. Kafin kowane kashi a share bututu, a yi harbi ashirin a banza, sannan a fara ƙirga. Harbin banzan nan ba asara ba ce. Bututun da aka share tas bai cika zama daidai ba sai dalma ta sake shimfiɗa masa siririn mayafi. A nan ma yaron ya gane cewa yawan sharar da yake yi cikin fushi kullum mayar da shi farko take yi. Ya ari na'urar auna gudu a kulob, ni kuma ina riƙe da littafi. Safiya huɗu abin ya ci.

Masu kitse sun maimaita abin kunyarsu, gudu na tsalle, ramuka a warwatse. Wankakku busassu sun fara da kyau ƙwarai har ya fara murna, amma kafin a kai harbi na hamsin garken ya fara buɗewa, kuma da muka ja tsumma sai ga dalma. Masu siririn mai sun riƙe tsabar riyal daga farko har ƙarshen kashinsu, gudunsu ma ya fi na kowa zama wuri ɗaya.

Abin da bai so ji ba shi ne na kashin farko. Waɗanda ba a wanke ba, ba a shafa ba, aunawa kawai aka yi, sun bi masu siririn mai a ƙafa, ratar ba ta taka kara ta karya ba. A ganina, cikin gyaran da aka samu kaso mafi tsoka na sikeli ne da madubi. Wanki da shafe sun ƙara tsawon lokacin da bututu ke ɗauka kafin ya nemi shara, kuma suna kare dalma daga laimar garin nan, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma da tun farko ya auna harsashinsa, da kitsen Yaya na nan a kwalbarsa. Ya ce, "Kawu, ai kai mai sikeli ne, dole ka yabi sikeli." Wataƙila. Safiya huɗu da bindiga ɗaya ba su isa a yanke wa kowace bindiga hukunci ba, wani bututun ya fi son busasshe, wani ya fi son mai. Nasa dai ga abin da ya nuna.

Yanzu gwangwaninsa na ɗaki, a aljihun tebur mai makulli, da 'yar jakar tsotse laima a ciki, kuma iya na harbin yini yake ɗiba a ƙaramin akwati mai murfi. Ya sayi nasa sikelin. Saura matsala ɗaya da ba mu warware ba: harbin farko na safiya kullum sai ya hau sama da faɗin yatsa, daga na biyu komai ya daidaita. Ni ina zargin bawul ɗin da ke daidaita matsin iska, cewa yana tara ƙari idan bindiga ta kwana, shi kuma ya nace man ne ke yin kauri cikin dare. Mun ajiye maganar sai ya dawo daga Ɗa'ifa, inda zai gwada mita 100 a kan tudu, cikin iskar da ta fi ta Jidda sauƙi da bushewa.

Gurgun silag ɗin da muka ware suna cikin kwalba a rufe, tare da tsohuwar tukunyar, a saman kabad ɗina. Na saya wa Yaya sabuwa a Bab Makka. Ta juya ta, ta ƙwanƙwasa gindin da farce, ta ce waccan daga Kano ta zo da ita, kuma wannan ba za ta yi shekara biyu ba.